Haƙƙin Kaisar da Haƙƙin Maƙwabci: Kirista Tsakanin Hukuma da Sauran Addinai

Gabatarwa

Hausawa kan ce, bin na gaba bin Allah. Magana ce mai nauyi, kuma da ita aka rene mu tun muna ƙanana. Amma duk wanda ya zauna ya yi tunani a kanta zai tambayi kansa: to, in na gaban ya kauce hanya fa? In ya ce a rushe wurin ibadar wasu, ko a kori maƙwabcinka daga gari don addininsa ya sha bamban da na sarki, nan ma binsa bin Allah ne? Babu addinin da wannan tambaya ta ƙyale. Sai dai a wannan ɗan rubutu zan dube ta ta fuskar addinin Kirista kurum, domin a cikin shekara wajen 2,000 mabiyansa sun yi zaman talakawa, sun yi zaman masu mulki, sun kuma bar mana labarin abin da suka yi a kowane zama.

Galibi akan ɗauki biyayya ga hukuma a matsayin magana ɗaya, a ɗauki zama da sauran addinai a matsayin wata magana dabam. A ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Inda suke haɗuwa kuwa shi ne ranar da hukuma ta ɗaga sanda a kan mutumin da ba addininku ɗaya ba. Abin da mai addini ya yi a wannan rana shi ne ma'aunin abin da ya fahimta game da biyayya, da kuma abin da ya fahimta game da maƙwabci.

Abin da nassi ya ce

Kafin in shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya san wurare uku a Littafi Mai Tsarki waɗanda Kirista ke komawa gare su a wannan magana. Na farko shi ne sura ta 13 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. A nan Bulus ya nuna cewa mulki daga Allah yake, mai mulki kuwa bawan Allah ne da aka ɗora don ya hori mai laifi ya kuma yaba wa mai kirki, saboda haka a yi masa biyayya, a biya haraji. Na biyu yana cikin Linjila, inda aka tambayi Almasihu ko ya halatta a biya Kaisar haraji. Ya sa aka kawo masa kuɗin, ya nuna hoton da ke jikinsa, ya bayyana cewa sarki yana da nasa haƙƙi, Allah kuma yana da nasa. Na uku yana cikin Ayyukan Manzanni sura ta 5, lokacin da majalisar shugabanni ta hana Bitrus da 'yan'uwansa yin wa'azi, suka amsa da cewa in umarnin mutum ya ci karo da na Allah, na Allah ne a gaba.

Idan aka haɗa ukun, abin da ya fito shi ne biyayya wajibi ce, amma tana da iyaka. Iyakar kuwa ita ce abin da Littafi Mai Tsarki na Hausa ke kira lamiri. Mu ɗaliban Hausa in mun ji wannan kalma sai tunaninmu ya tafi ajin nahawu, amma a nan ana nufin muryar nan ta cikin zuciya wadda ke gaya wa mutum wannan daidai ne, wancan kuskure ne. Rigimar da aka yi ta yi tun daga wancan zamani ita ce a ina daidai wannan iyaka take, kuma lamirin wa take karewa: na Kirista kaɗai, ko na kowane ɗan'adam?

Lokacin da takobi ke hannun wani

Bulus ya rubuta wasiƙarsa wajen shekarar 57, Niro yana sarautar Rum. Wannan Niro ɗin ne, bayan gobarar da ta ci birnin Rum a shekarar 64, ya ɗora wa Kirista laifi ya yi ta kashe su. Watau wanda aka ce a yi wa biyayya ba mumini ba ne a wurinsu, ba kuma mai tausayinsu ba.

Yadda Kiristocin farko suka fahimci iyakar nan ya fito fili a wata wasiƙa da Filini, gwamnan lardin Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya aika wa Sarki Tarajan wajen shekarar 112. Gwamnan ya bincika bai same su da sata ko tawaye ba. Jarrabawar da yake yi musu ita ce su ƙona turare su zuba giya a gaban siffar sarki, su kuma zagi Almasihu. Wanda ya yi a sake shi, wanda ya ƙi a kashe shi. A shekarar 250 Sarki Dishiyus ya ƙara tsananta abin, ya ce kowa a daular ya yi yanka ga gumaka ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu a Masar, har yau suna nan a gidajen tarihi. Wasu Kirista sun tsorata sun yi yankan, wasu sun sayi takardar, wasu kuwa sun ƙi an kashe su. Masu ƙin nan suna biyan haraji, suna yi wa sarki addu'a, ba su ɗauki makami ba. Abu ɗaya suka hana shi, shi ne sujada.

A cikin wannan hali ne wani malami ɗan Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, mai suna Tartuliyan, ya rubuta wa gwamnan lardinsa a shekarar 212. Hujjarsa ita ce haƙƙin kowane mutum ne ya bauta wa abin da ya gaskata, kuma addinin da aka karɓa bisa tilas ba addini ba ne. Ya kamata a lura, bai ce haƙƙin Kirista ba, haƙƙin mutum ya ce. Wanda ke ƙarƙashin sanda ya fi kowa sanin zafinta.

Da takobi ya dawo hannunsu

Sarki goma, zamani goma. A shekarar 313 Sarki Kwanstantin da abokin mulkinsa suka yi yarjejeniya a birnin Milan cewa Kirista da kowa da kowa yana da ikon bin addinin da ya ga dama. Da an tsaya nan, da maganar Tartuliyan ta tabbata. Amma shekara 67 kacal bayan haka, a 380, Sarki Tiyodosiyus ya mai da Kiristanci addinin daula, a 391 da 392 kuma ya haramta yanka ga gumaka. Aka rufe ɗakunan bauta, aka rushe wasu, har da babban ɗakin gunkin Sarafis na Iskandariyya. Jikokin waɗanda aka kashe don sun ƙi yanka, su ne yanzu ke hukunta wanda ya yi yanka.

Abin ya fi ban tausayi a wurin Agustin, Bishop na Hifo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau. Kirista ba su yi malamai da yawa da suka kai shi zurfin tunani ba. Shi ne ya kamanta mulkin da babu adalci da ƙungiyar 'yan fashi, shi ne kuma ya hana a kashe Yahudawa. Da farko ra'ayinsa shi ne kada a tilasta wa kowa, a jawo mutum da hujja kawai. Amma da ya ga tsoron dokar sarki ya dawo da wata ƙungiyar Kirista da ta ware, sai ya sake ra'ayi, ya ce tilas ma magani ce, kamar yadda uba ke horon ɗansa. Wannan ƙofa da ya buɗe a kan 'yan'uwansa Kirista, na baya suka faɗaɗa ta a kan kowa. A ƙarshen ƙarni na 8 Sarki Sharliman ya kafa dokar kisa ga duk mutumin ƙabilar Sakson, a Jamus ta yau, da ya ƙi baftisma. Malamin fadarsa ma, Alkuwin, sai da ya yi gargaɗi cewa ana iya tilasta wa mutum shiga ruwan baftisma, amma ba a iya tilasta masa bangaskiya.

Misalin da ya fi kusa da zukatan masu karatunmu shi ne na Andalus. A yarjejeniyar 1491 sarakunan Sifen sun yi wa Musulmin Garnada alkawarin barinsu da masallatansu da alƙalansu. A 1492 aka kori Yahudawa daga ƙasar. Kafin shekara 10 aka karya alkawarin Garnada, a 1502 aka ce Musulmin Kastil su zaɓi baftisma ko hijira. Waɗanda suka karɓi baftismar ma ba su tsira ba, domin daga 1609 zuwa 1614 an kori jikokinsu. Tilas, an ce, ba ta rasa ɗakin kwana, amma ba ta taɓa kwana a zuciya ba. Su kansu masu tilastawar ba su yarda da tuban da suka tilasta ba.

Me ya faru da sura ta 13 ta Romawa a wannan zamani? An juya ta. Da nasiha ce ga marar ƙarfi yadda zai zauna lafiya da sarkin da ba ya ƙaunarsa. Yanzu ta zama bulala a hannun sarki: ni Allah ya naɗa, addinina shi ne gaskiya, wanda ya ƙi shi ya yi tawaye. A sulhun Augsburg na 1555 har doka aka yi a Jamus cewa ɗarikar da sarkin yanki ya bi ita talakawansa za su bi, wanda bai yarda ba ya yi ƙaura. Ƙarshenta Kirista suka juya takobin a kan junansu, a yaƙin shekara 30 da aka yi daga 1618 zuwa 1648. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Waɗanda suka tuna

Ba za a yi adalci ba in aka ce duka Kirista sun bi wannan hanya. Da yawansu ma ba su taɓa riƙe takobin ba. Kiristocin Masar da Sham da Iraƙi sun daɗe suna zaune ƙarƙashin sarakunan Musulmi, kuma wajen shekarar 781 shugaban Ikilisiyar Gabas, Timoti na Ɗaya, ya yi kwana 2 yana muhawara ta ladabi da Halifa Mahdi a Bagadaza, kowa ya tashi da addininsa. A 1219, ana tsakiyar yaƙin 'yan gicciye, Faransis ɗan garin Asisi ya ƙetara fagen fama a Dimyaɗ ta Masar ba makami, ya gana da Sarki Al-Kamil, aka kuma sallame shi lafiya.

Amma mutumin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Thomas Helwys, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ɗarikar Baftis a Ingila. A 1612 ya wallafa littafi ya aika wa Sarki James na Ɗaya. A ciki ya yarda cewa sarki yana da iko a kan jikin talakawansa da dukiyarsu a al'amuran duniya, amma ya ce sarki mutum ne mai mutuwa, ba shi zai amsa tambaya a madadin kowa ranar hisabi ba, saboda haka ba shi da ikon hukunta mutum a kan addini, ko Bayahude ne, ko Musulmi, ko ɗan bidi'a. Aka jefa shi kurkuku, a can ya mutu. Bayansa Roger Williams ya kafa garin Providence a Amurka a 1636 bisa irin wannan aƙida. Waɗannan mutane sun ɗauki iyakar da Bitrus ya sa wa hukuma, suka kewaye maƙwabcinsu da ita.

Jarrabawar ƙarni na 20

Da Hitler ya hau mulki a Jamus a 1933, Kirista da yawa sun yi maraba da shi, wasu kuma sun yi shiru suna fakewa da wajibcin biyayya. A 1934 wasu fastoci suka taru a Barmen suka fitar da sanarwa cewa gwamnati ba ta da ikon mallakar ikilisiya. Jarumtaka ce, ba shakka. Amma a duk sanarwar babu inda aka ambaci Yahudawa, alhali su ne wuƙa ke wuyansu. An kare ɗakin ibada, an manta da maƙwabci. Wani matashin malami, Dietrich Bonhoeffer, shi ya hango wannan giɓi tun a 1933, ya rubuta cewa wajibi ne ikilisiya ta taimaki duk wanda hukuma ta zalunta, ko da ba Kirista ba ne. An rataye shi a watan Afrilu na 1945 saboda alaƙarsa da masu shirin kawar da Hitler. A Faransa kuwa, mutanen wani ƙauye mai suna Le Chambon, bisa jagorancin fastonsu André Trocmé, sun ɓoye ɗimbin Yahudawa a gidajensu da gonakinsu, da hukuma ta nemi sunayensu suka ƙi bayarwa.

A nan Afirka ma an yi wannan jarrabawa. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu tana kiran kanta ta Kirista, babbar majami'ar Turawan ƙasar kuma ta daɗe tana nema mata hujja a Littafi Mai Tsarki. A 1985 wasu malaman Kirista, galibinsu baƙar fata, suka fitar da takardar da ake kira Kairos, suka ce an mai da Romawa 13 mayafin zalunci. Amma tun kafin nan wani abu ya faru wanda ya dace da maganarmu ƙwarai. A watan Satumba na 1969 wani limamin Musulmi na birnin Kef, Imam Abdullah Haron, ya mutu a hannun 'yan sanda bayan kwana 123 a tsare. Suka ce faɗowa ya yi daga matakala. A 1971 wani limamin Angilikan, Bernard Wrankmore, ya hau wani tudu a birnin, ya zauna a hubbaren wani waliyyin Musulmi, ya ƙaurace wa abinci fiye da wata 2 yana neman a binciki mutuwar Imam. Gwamnati ta toshe kunne. Sai a 2023 kotu ta sake duba shari'ar ta tabbatar da cewa azaba ce ta kashe shi. Wrankmore bai bar Kiristanci ba, Imam kuma ba ɗan majami'arsa ba ne. Lamirinsa ne ya hana shi barci.

Darussan wannan ƙarni sun sa manyan majami'u sake tunani. A 1864 Fafaroma Pius na 9 ya lissafa cikin kurakuran zamani ra'ayin cewa kowa yana da 'yancin bin addinin da hankalinsa ya nuna masa. Shekara 101 bayan haka, a 1965, babban taron Katolika na Batikan ya fitar da takardu biyu: ɗaya ta ce 'yancin addini haƙƙin kowane mutum ne wanda hukuma ba ta da ikon tauyewa, ɗaya kuma ta yi maganar Musulmi da Yahudawa da girmamawa, ta nemi a bar gabar da ta wuce. Ofishin da Batikan ta buɗe don hulɗa da sauran addinai, ɗan Nijeriya ne, Kadinal Francis Arinze, ya shugabance shi daga 1984 zuwa 2002. A 2019 kuma Fafaroma Francis da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi.

Tambayoyi biyu

Mai karatu yana iya cewa, to, in kowa zai bi lamirinsa ya ƙi umarnin hukuma, ai gari ya watse, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Wannan tsoro yana da tushe, shi ne ma ya sa Martin Luther ya goyi bayan sarakuna da kakkausan harshe lokacin tawayen manoman Jamus a 1525. Amma akwai bambanci tsakanin ƙin aikata zalunci da neman kifar da mulki. Martin Luther King, a wasiƙarsa daga kurkukun Birmingham a 1963, ya sa wa abin sharaɗi: wanda zai karya dokar zalunci ya karya ta a fili, ba da tashin hankali ba, ya kuma yarda da hukuncin da zai biyo baya. Mai yin haka bai raina doka ba, tuna mata yake yi da aikinta. Gaskiya ne wannan sharaɗi bai warware maganar Bonhoeffer ba, wanda ya wuce ƙin biyayya ya shiga shirin kawar da shugaba, kuma har yau malaman Kirista suna ja-in-ja a kansa. Amma irin halin Jamus na wancan lokaci ba kullum ake samunsa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ma'aikaci ko soja ko alƙali da aka ce ya cuci wani, wanda abin da ake nema gare shi kawai ya ce a'a. Ko Bulus ma da ya ce a yi biyayya, ya faɗi dalilin mulki, watau horon mai laifi da kare mai kirki. Hukumar da ta juya wannan, ita ta fara saɓa wa surar.

Tambaya ta biyu ita ce, mutumin da ya gaskata cewa addininsa kaɗai ne hanyar tsira, zai iya kare 'yancin wanda yake gani a kan ɓata? Wasu masana na Turai, irin su John Hick, sun ce sai an yarda dukan manyan addinai hanyoyi ne zuwa wuri ɗaya. Kirista da yawa ba su karɓi wannan ba. Byang Kato, malamin ECWA ɗan Kwoi, ya yi littafi a 1975 yana sukar irin wannan ra'ayi, kuma na tabbata Musulmi da yawa ma ba za su karɓe shi ba. A ganina ba a bukatarsa. Tartuliyan da Helwys da Williams duka masu tsauri ne a aƙida, ba su taɓa cewa addinai ɗaya ba ne. Hujjarsu ta fito ne daga cikin tsaurin nan: in bangaskiya abu ce tsakanin mutum da Mahaliccinsa, to wanda ya tilasta ta ya shiga hurumin Allah, abin da ya samu kuma munafunci ne. Taron masu bishara na Lausanne a 1974 ma ya haɗa biyun, ya ce ceto ta wurin Almasihu kaɗai yake, ya kuma nemi gwamnatoci su tabbatar da 'yancin addini. Ana iya cewa mutum ya ɓata, a kuma tsaya a ƙofar gidansa a hana a ƙone shi.

Kammalawa

A taƙaice, tarihin nan ya nuna mini cewa nassin Kirista bai sake ba tun zamanin Bulus, abin da ke sakewa shi ne hannun da takobi yake ciki. Neman 'yanci lokacin da ake danne ka ba abin yabo ba ne sosai, kowa ma yana yi. Abin yabo shi ne ka riƙe wannan magana ranar da sarki naka ne, ko ranar da sandar ta tsallake ka ta sauka a kan wani.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban kawo wannan tarihi don a nuna wa Kirista yatsa ba, domin duk al'ummar da ta taɓa haɗa addini da mulki tana da irin nata labarin. Mu a Nijeriya, sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa ko na jiha, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin addini. Amma a ƙasar nan kowane addini rinjaye gare shi a wani gari, tsiraru ne kuma a wani, takarda kuwa ba ta tare sanda. Daga cikinmu ɗaliban yau za a sami alƙalai da hakimai da manyan ma'aikata na gobe. Ranar da takardar neman filin masallaci ko na coci ta zo teburin ɗayanmu a garin da mutanensa ne ke da rinjaye, na gaba kuma ya ce a danne ta, a ranar ce za a san yadda ya fahimci bin na gaba. Allah ya sa mu dace.